Sharhi kan labarin gwajin tarin fuka a ƙananan asibitoci

Na karanta wannan labari da ya ce ya kamata a riƙa gano tarin fuka tun daga ƙananan cibiyoyin lafiya, kuma ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. A nan Tahoua, ƙanin mahaifina ya yi kusan wata 3 yana tari da zufar dare, yana ramewa har rigarsa ta yi masa yawa, ana ta ba shi maganin mura, babu wanda ya nemi kakinsa. Alhali duk tarin da ya wuce mako 2 ya isa a yi gwajin kaki.

Da aka gano cutar, an ɗora shi kan magani na wata 6 kyauta, amma bayan wata 2 ya ji sauƙi, ya so ya daina. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta zaunar da shi ta ce: "Baba, idan kuka tsaya yanzu, cutar za ta dawo, kuma wataƙila ba za ta ji magani ba." Ita ce ma ta sa aka duba yaran da suke kwana ɗaki ɗaya da shi. Allah ya saka mata da alheri.