Masu cewa kuɗi ne ya ɓata gudun fanfalaki, ku dakata

Duk lokacin da aka tashi hirar gudun fanfalaki sai ka ji wani ya yi ajiyar zuciya, ya ce ai zamanin su Frank Shorter da Bill Rodgers, 'yan tseren Amurka, ne aka yi gudu don son gudu, yanzu kuwa kowa dala yake bi. Ni ban yarda ba. A wancan zamanin ma akwai kuɗi, 'yan tseren ne kawai aka hana su taɓa shi a fili.

Abin ya tashi ne a 1972, lokacin da Shorter ya ci zinare a gasar Olamfik ta Munich. Amurkawa sun kalle shi a talabijin, siririn mutum ya yi kilomita 42 da 'yan kai ya bar kowa a baya, sai gudun kan titi ya zama abin yayi. Ma'aikatan ofis, likitoci, malamai, kowa ya sayi takalmi ya hau kwalta da asuba. Ku duba New York kaɗai. A 1970 da Fred Lebow da abokin aikinsa suka fara gasar, mutum 127 ne suka shiga, kuɗin rajista dala 1, suna ta zagaya Central Park, 55 suka kai ƙarshe. A 1976 aka fito da tseren cikin gari, ya ratsa dukkan gundumomi biyar na birnin, masu gudu wajen 2,000. Kamfanonin takalma suka samu kasuwa, masu talla suka shigo, otal-otal suka cika.

To shi wanda ya ci tseren fa, me ya samu?

A 1975 Rodgers ya ci gasar Boston cikin awa 2 da minti 9 da daƙiƙa 55, lokacin da babu Ba'amurken da ya taɓa yin sa. Rigar da ke jikinsa da hannu aka rubuta mata sunan ƙungiyarsa. A hanya ma sai da ya tsaya ya ɗaure igiyar takalmi, ya kuma tsaya shan ruwa. Ladansa lambar yabo ce da rawanin ganye, sai kwanon farfesun nama da aka saba ba waɗanda suka gama. Ko sisi babu. Dokar lokacin ta ce duk ɗan wasan da ya karɓi kuɗi ya fita daga sahu, ba shi ba Olamfik. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Rodgers ya ci New York sau huɗu a jere daga 1976 zuwa 1979, ya ci Boston sau huɗu, amma sai da ya buɗe shagon kayan gudu don ya samu abin dogaro.

Kuma kowa ya san ana biya a ɓoye. Mai shirya gasa zai kira fitaccen ɗan tsere gefe, a yi ciniki, a ba shi da sunan kuɗin jirgi da masauki. Wannan shi ne tsarkin da ake mana kewarsa. Wanda ya yi suna ya samu nasa a ambulan, wanda ya zo na biyar bayan ya kwashe watanni yana atisaye ya koma gida hannu rabbana.

A Yunin 1981 ne wasu 'yan tsere suka ce ya isa. A wata gasar kilomita 15 a Portland ta jihar Oregon suka karɓi kuɗin nasara a bainar jama'a. Greg Meyer ya ci ta maza, Anne Audain 'yar New Zealand ta ci ta mata, kowannensu dala 10,000. Hukumar ƙasarta ta dakatar da Audain. Ba a daɗe ba hukumomin suka sauko, aka yarda a riƙa zuba kuɗin a wani asusu na musamman da ɗan wasa zai ci daga ciki, ita kuma aka mayar da ita, ta je Brisbane a 1982 ta ci zinaren mita 3,000 a gasar ƙasashe renon Ingila. Masu Boston suka yi taurin kai na wasu shekaru, manyan 'yan tsere suka ƙaurace musu, sai a 1986 suka fara biya. A shekarar Rob de Castella na Ostareliya ya ci, ya tafi da kuɗi da mota.

(Mata kuwa nasu yaƙin daban ne. A 1967 wani jami'in gasar Boston ya bi Kathrine Switzer yana ƙoƙarin yage lambarta a tsakiyar titi, kuma sai 1984 aka saka gudun fanfalaki na mata a Olamfik, Joan Benoit ta ci.)

Abin da ya fi damuna da masu kewar nan shi ne ba sa tambayar wa dokar ta fi cuta. Shorter ɗan likita ne, ya yi karatu a jami'ar Yale, ya karanta shari'a. Irinsa zai iya gudu kyauta. Ɗan manomi a tsaunukan Kenya ko Habasha fa? A wancan lokacin sai ya shiga kaki kafin ya samu damar atisaye. Abebe Bikila na Habasha da ya ci Olamfik ta Roma ba takalmi a 1960, ya sake ci a Tokiyo a 1964, dogarin Sarki Haile Selassie ne. Mamo Wolde da ya ci a 1968 shi ma haka. Kipchoge Keino, gwarzon tseren Kenya, ɗan sanda ne. Baiwar tana nan tun tuni, hanyar cin abinci da ita ce babu. Da aka halatta kuɗi, Ibrahim Hussein na Kenya ya ci New York a 1987, ya ci Boston a 1988, kuma daga 1991 zuwa 2000 babu shekarar da ba ɗan Kenya ne ya ci Boston ta maza ba.

Na san za a ce kuɗi ya kawo shan ƙwayar ƙara kuzari. Gaskiya ne an kama 'yan tseren Kenya da dama a 'yan shekarun nan, kuma Alberto Salazar, gwarzon New York na 1980 zuwa 1982, an dakatar da shi a 2019 a matsayin mai horarwa kan karya dokokin ƙwaya. Ba na kare ko ɗaya. Amma a Olamfik ta 1976 a Montreal, lokacin da doka ta hana karɓar ko kwabo, Waldemar Cierpinski na Jamus ta Gabas ne ya kayar da Shorter. Bayan rushewar ƙasar, takardu suka nuna gwamnati ce da kanta take ɗura wa 'yan wasanta ƙwaya, kuma har yau ana zargin Cierpinski yana cikinsu. Zinaren dai yana hannunsa, Shorter kuma azurfa.