Ƙaramin adadi a gwajin numfashi ba ya nufin babu asma

Wasu na ɗauka idan gwajin numfashi na FeNO ya nuna ƙaramin adadi, to babu asma. Ba haka ba ne. Gwajin yana auna iskar naitirik oksaid da mutum ke fitarwa idan ya hura na'ura a hankali na kusan daƙiƙa 10. Ga manya, adadi sama da 50 alama ce ta kumburin hanyoyin numfashi wanda maganin shaƙa na sitiroyid ke kwantarwa, ƙasa da 25 kuwa ƙarami ne. Sai dai shan sigari yana rage adadin, maganin shaƙar ma haka, kuma akwai asmar da ba ta ɗaga shi. Abin da ke damuna shi ne mai ajiye maganinsa saboda sakamako ɗaya, alhali tari na tashinsa cikin dare.