Korar ƙara ba cin shari'a ba ne, ku daina rangaɗa guɗa

To, duk mun ga hotunan. An yanka rago, an ɗauko makaɗa, wai Baffa ya ci shari'ar gonar gado da marayu suka kai shi ƙara a kai. Barka da arziki! Amma don Allah wace shari'a aka ci? Alƙali bai kira shaida ko ɗaya ba. Ba a je gonar ba, ba a ga tsamiyar da ke kan iyaka ba, ba a tambayi dagaci komai ba. Lauya ne ya miƙe ya ce kotun ba ta da hurumi, aka kori ƙarar, shi ke nan. Marayun suka cusa takardunsu a leda suka fito, babbar cikinsu ta tare magatakarda a baranda tana cewa, "Malam, to yanzu gonar ta wa ce?" Bai amsa mata ba, don kotu ba ta faɗa ba.

Korar ƙara tun daga bakin ƙofa ba ta ba kowa gona ba. Abin da ta ba Baffa shi ne wata daminar, ya sake shuka, ya sake girbi.

Na san za ku ce ai doka ce. Mun sani, ranku ya daɗe. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce rigimar fili mai takardar gwamna sai babbar kotun jiha, gonar karkara kuwa ƙananan kotuna na iya ji. Kuma gwamna ne ke ayyana inda ya zama birni. Wato gonar da kakanku ya noma gero, gari ya cim mata, kun kwana a ƙauye kun tashi a birni ba wanda ya gaya muku. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 kuma ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga irin su aure, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. A shari'ar Magaji da Matari ta 2000 Kotun Ƙoli ta ce rigimar mallakar gona zalla ba hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ba ce. Saboda haka mai wayo kalma ɗaya yake buƙata: ya ce ba gado ba ce, saya ya yi. Nan take magana ta koma kan wace kotu, an manta da gonar. Talakar da ba ta taɓa shiga aji ba ita ce za ta rarrabe wannan?

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne masu cewa ai sun makara, ina suke duk shekarun nan? Suna goye a baya! Ko hauzin da kuke taƙama da shi, wato mallakar abu saboda daɗewarsa a hannun mutum, malaman Malikiyya sharaɗi suka sa masa: shekara 10 ga bare, wajen 40 tsakanin dangi, kuma sai mai haƙƙi yana nan, yana gani, ya yi shiru ba abin da ya hana shi magana. Aro, jingina da amana kuwa ba sa zama mallaka komai daɗewa. Ta yaya za a san amana ce ko saye in ba a bar shaidu sun buɗe baki ba? Tsofaffin da suka ga lokacin da aka ce "riƙe wa yaran nan" kullum ɗaya bayan ɗaya ake kai su makwanci. Baffa ya san haka sarai.

Kotuna sun cika, akwai masu ƙarar banza, eh na ji. Ku kori na banzan. Amma in kotu ta ga ba huruminta ba ne, a faɗa tun zaman farko, a nuna wa mutane kotun da za su je, da Hausa, ba sai sun sayar da akuyar ƙarshe sun biya kuɗin mota da na lauya ba. Wallahi yarinyar nan ba arziki take nema ba, inda za ta ce nan ne na ubana take nema.

Ga dillalai ma har sun fara kewaya wurin da igiya.