Dala ashirin ɗin da na miƙa wa ɗan kwana-kwana

Tunda Alhajin hawa na huɗu ya riga ya watsa bidiyon daren da 'yan kwana-kwana suka zo gidana a WhatsApp, gara ku ji sauran daga bakina.

Uwargida ta kwashi yara sun tafi Kano biki tun farkon Disamba. Ga sanyin Bronx, unguwarmu a New York, ga bututun ɗumama ɗakinmu ya yi gum kwana uku. Ranar Asabar na soya kifi, ƙarni ya kama labule da kujeru, washegari kuma ina da baƙi. Sai na tuna da kaskonta da kwalbar turaren wutan da take yi wa rowa, wanda ake aiko mata daga Maiduguri. Ita gawayi ɗaya take sawa, ta barbaɗa turaren da yatsu biyu. Ni na sa huɗu don in samu ɗumi, na bi da cokali uku.

Ko minti biyar ba a yi ba ƙararrawar hayaƙin falo ta fara ihu. Na hau kujera ina yi mata fifita da faifai, kamar wata sarauniya, ta ƙi yin shiru. Sai dabara ta zo mini: na buɗe ƙofar gida, na tokare ta da takalmi don hayaƙin ya fita. Ya kuwa fita. Tsohuwar da ke kallon ƙofarmu ta leƙo, ta ga baranda ta yi fari fat, ta danna 911, lambar kiran gaggawa.

Ban ga laifinta ba. Tun gobarar Janairun 2022 a nan unguwar, wadda hitar lantarki ta haddasa, mutum 17 suka rasu, yawancinsu 'yan'uwanmu 'yan Gambiya, Allah ya jiƙansu, ba wanda ke wasa da hayaƙi a bene. Kuma abin da ya sa hayaƙin ya cika wancan ginin ƙofa ce da ta zauna a buɗe. Ni kuwa har da takalmi na sa wa tawa.

Ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare motocin kwana-kwana suka cika layi da jiniya. Ƙarti suka hawo matakala da gatura, kowane ɗaya ya yi biyuna. Maƙwabta sun fito da barguna, wata rungume da kyanwarta. Ni kuma ina tsaye bakin ƙofa da jallabiya, safa cikin silifas, faifai a hannu, a kaina hular sanyin autanmu, mai kunnuwan zomo. Wallahi na manta tana kaina. Kunnena ne ke sanyi tun magariba, ita na gani kusa.

Babbansu ya shiga, ya ɗauko kaskon da hannu biyu kamar jinjiri, ya kai wurin wanke-wanke ya sakar masa ruwa. Na ji ƙarar tsagewarsa har cikin raina. Ya tambaye ni mene ne wannan, na ce na matata ne. Ya ce ina take, na ce tana Afirka. Ya yi shiru yana kallon kunnuwan zomo. Sannan ya yi mini karatu a gaban jama'a: garwashi a ɗaki rufe yana fitar da iskar da ba ta da wari, mutum ya kwanta ya wuce cikin barci. In an ga hayaƙi a fita a ja ƙofa. In na sayi hita in nisanta ta da labule da katifa ƙafa uku. Ina ta "to, to" kamar ɗan makarantar allo.

Da a nan aka tsaya da sauƙi.

Ku da ke nan kun san Disamba watan ambulan ɗin tukwici ne. Daga an cinye talotalon ƙarshen Nuwamba kowa zai fara gaishe ka da fara'a: sufa mai kula da gini, mai aski, mai gadin wurin ajiye mota. Goron sallarsu ke nan, sai dai su a ambulan ake sawa, da ɗan kati. Mako biyu ina lissafin wa zan ba nawa, kaina cike da tukwici. Ga kuma tarbiyyar gida: mutum ya baro shimfiɗarsa cikin dare saboda kai, ai ba ka bar shi ya tafi haka ba.

Na laluba aljihu, na ji dala ashirin. Na ninke ta huɗu, na ɓoye a tafin hannu, na miƙa masa hannun musabaha, har da ɗan rusunawa. A Kano an gama magana ke nan, kuɗi ya wuce ba wanda ya gani. Shi kuwa bawan Allahn nan sai ya buɗe hannunsa ya duba. Ya warware ninki na farko. Ya warware na biyu. A hankali, da safar hannunsa mai kauri, ga fitilar hularsa tana haskawa. Ya ɗaga takardar sama, yadda har na kan matakala za su karanta lambar jikinta, ya ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "A sha shayi."

Ya ce ba sa karɓa. To mu ai ƙin farko kunya ce. Na mayar masa da hannunsa, na dunƙule masa yatsu. Ya sake buɗewa. Na sake dunƙulewa, ina cewa ba yawa, a yi haƙuri. Sau uku muna wannan kokawa, kunnuwan zomo na rawa, abokan aikinsa sun juya baya kafaɗunsu na girgiza. Daga ƙarshe ya cusa mini kuɗin a aljihun jallabiya, ya ce in sayo batir, don ƙararrawar ɗakin kwanana ko tari ba ta yi ba.

Da na ɗago ido, wa zan gani jingine da bango? Sufa. Bai kalle ni ba, aljihun yake kallo.

Bara hula na ba shi. Zanna Bukar, ɗinkin hannu, da kaina na zaɓo ta a Kano. A watan Maris na shiga ɗakin kayan aikinsa na tarar ƙusoshi yake tarawa a ciki. Kuma wa ya ba ni wannan shawara? Alhaji. Shi ya ce mini, "Ɗan'uwa, kar ka saba musu da kuɗi, ba shi abin gida, ya fi daraja." Ashe shi kowace shekara ambulan yake zura masa ta ƙarƙashin ƙofa. Shi ya sa ɗakinsa a tsakiyar Janairu sai ya buɗe taga, yana zaune da singileti. Alhajin ne dai ya ce in ba mai kawo wasiƙa kuɗi, matar ta dawo mini da su, ta ce doka ta hana su karɓar tsaba, sai dai 'yar kyautar da ba ta wuce ta dala 20 ba. Shekara goma sha yana garin nan, ya san duk wannan. Mutumin da zubin adashinsa na Oktoba har yau ni na cike masa. Kuma a daren, maimakon ya zo ya tsaya mini, yana can saman matakala da waya, yana yi wa bidiyon sharhi da Hausarsa ta Kumasi: "Hajiya ya tafi, gida ya kama wuta." In kun saurara da kyau, dariyar da ke tashi lokacin ninki na biyu tasa ce.

Ranar Litinin na sa hamsin a ambulan, na rubuta gaisuwar Kirsimeti, na kai wa sufa. Da yamma ya hawo da kansa. Ya durƙusa gefen bututun, ya murɗa wani ɗan makunni da ke ƙasa, nan take ya fara huci. Ya ce a rufe yake. Ni ne na rufe shi ranar da nake share bayan kujera, na ɗauka na ruwa ne.

Uwargida ta ga bidiyon kafin in kira ta. Ba ta tambayi lafiyata ba, cokali nawa ta tambaya. Na ce ɗaya. Ta ce in ɗauko kwalbar in nuna mata a waya, na ce intanet ba kyau.

In akwai mai tahowa daga Kano kafin 8 ga Janairu, don Allah ya taho mini da kasko, matsakaici, mai ruwan ƙasa.