Ku juya farantin tukuna

Duk wanda ya turo min hoton farantin tangaran na Japan yana tambaya ko tsoho ne, amsata ɗaya ce: ɗauko min hoton bayansa. Fuska kowa ya iya yi mata kwalliya. Ni ma ta nan aka taɓa cin kasuwata. Wani mai sayarwa a intanet ya saka faranti ya sha ruwan zinare, da zanen mata cikin kimono, ya ce tsohon Satsuma ne, wani salon kayan yumɓun Japan mai ado da zinare. Da ya iso na sa madubin ƙara girma, sai ga zanen ɗigo-ɗigo ne na inji, hannu bai taɓa shi ba. Kuɗina sun tafi, na haƙura.

A bayan faranti hatimi yake. Dokar harajin Amurka ta 1890 ta tilasta a rubuta ƙasar da kayan da ake shigarwa Amurka suka fito, shi ya sa daga 1891 ake ganin "Nippon", wato sunan Japan a harshensu, a 1921 aka koma "Japan". Akwai kuma "Occupied Japan" na bayan yaƙin duniya na biyu, zuwa 1952. To farantin da ke ɗauke da rubutun Turanci kuma a ce maka ya shekara 300, ai ka san an raina maka hankali. Shi kansa hatimin Nippon ɗin ana buga na jabu.

Tsohon da nake nema na garin Arita ne, a tsibirin Kyushu. Can aka fara tangaran a Japan wajen 1616, lokacin da wani maginin tukwane ɗan Koriya, Yi Sam-pyeong, ya gano farin dutsen Izumiyama, kamar yadda tarihin garin ya riƙe. Daga tashar ruwan Imari ake lodin kayan, sai sunan Imari ya bi su har Turai. Daular Ming ta ƙasar Sin ta faɗi a 1644, kayan Sin suka yi wuya, 'yan kasuwar Holan da ke Dejima a Nagasaki suka juya ga Arita, har suka yi babbar oda a 1659. Irin waɗannan manyan farantan, in ka juya su za ka tarar da 'yan tabo uku ko biyar a tsakiyar gindi, gurbin 'yan tsinken yumɓu da aka tokare su da su a wuta don kada su lotsa. Wallahi waɗannan tabon sun fi min ruwan zinare daɗin gani.

Na san wasu za su ce Imari mai shuɗi da ja da zinare ya fi cika ido. Gaskiya ne, a kabet yana ƙyalli kamar jeren ɗakin amarya, kuma mu da muka tashi muna ganin jeren langa a ɗakunan iyayenmu dole ya burge mu. Amma ni Kakiemon, wani salon tangaran Arita, ya fi kwanta min: fari sol kamar madara, tsuntsu ɗaya, reshe ɗaya, sauran fili a bar shi haka. Har masana'antar Meissen ta Jamus ta kwaikwaye shi.

Ba ni da Kakiemon, kuɗinsa ba na irina ba ne. Abin da nake da shi ɗan farantin Arita ne mai shuɗi da fari, ya ɓantare a baki, da tabo uku a gindi. A kife nake ajiye shi, baƙi kuma kullum sai sun juya min shi.