Gizo ma zai iya tsayawa kusa da ɗan wasa

Na karanta wani labari kan yadda iyalai a Legas ke cika gidajen sinima domin kallon finafinan barkwanci da ake haɗa dabbobin zane da mutane na gaske, kuma na yarda da marubucin cewa yara suna son su ƙwarai. Sai dai bai taɓo wahalar da ke cikin aikin ba. Ɗan wasan yakan yi magana ne da ƙwallo da aka ɗaure a kan sanda, ko da 'yar tsana, daga baya masu zane su sanya dabbar a wurin, su daidaita haske da inuwa har ido ya gaskata cewa tare suke a ɗaki ɗaya. A fim ɗin Who Framed Roger Rabbit na 1988, da hannu aka zana halittun, hoto bayan hoto, alhali kowace daƙiƙa ta fim tana ɗauke da hotuna 24.

Abin da ke damuna shi ne 'ya'yanmu a Agege da Idi-Araba, waɗanda Yarbanci da Turanci suka fi sauƙi a bakinsu, sun san sunayen halittun Amurka amma ba su san Gizo da Ƙoƙi ba. Ɗiyata ta tambaye ni ko Gizo kare ne. Masu shirya finafinan Kannywood su duba wannan, domin tatsuniyoyinmu cike suke da wayon Gizo da wautar Kura, kuma kwamfuta ta rage tsadar irin wannan zane sosai.