Tsakanin Lastly da At Last

Wani ɗalibi ɗan Zariya da ke karatu a nan Leeds ya rufe shafin godiya na kundinsa da "At last, I thank my supervisor." Baturiyar da ke duba kundin nasa, wato supervisor ɗin, ta zagaye kalmomin da koren biro, ta miƙo masa takardar a ɗan ofishinta mai ƙamshin kofi. Ƙarfe huɗu na yamma ne, gari ya riga ya yi duhu, ga yayyafin nan nasu da ba ya ƙarewa. A kunnenta, da ƙyar da jiɓin goshi ya yarda ya gode mata. Shi kuwa lastly yake nufi.

Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Mu "daga ƙarshe" guda ɗaya gare mu, su sun raba ta. Lastly ta abu na ƙarshe ce a jeri, at last ta abin da aka gaji da jira, finally kuma tana ɗaukar duka biyun. Haka "da farko". In hujjoji kake jerawa, first ko firstly. In kana nufin da fari abu kaza ne, daga baya ya sauya, to at first ce. Firstly ba ta shiga zancen lokaci ko matsayi, nan sai first: "I first met him in 2019", "she came first".

Wanda ya ce firstly ya ci bashin secondly, dole ya biya. A sa waƙafi bayan kowacce. A riƙe salo ɗaya, ko first, second, third yadda Amurkawa suka fi so, ko masu -ly duka. Bayan thirdly a dakata. Fifthly da sixthly dariya suke ba mutane, gara a koma lambobi.

Na yarda tsarin yana sauƙaƙa wa mai karatu. Amma dubi wasiƙar da mai gidan haya ke zuro maka ta ramin ƙofa: firstly shara, secondly hayaniya, thirdly kuɗi. Babu ya gida, babu ya sanyi. Dattijo a gida zai iya kawo maka ƙorafi uku bai ƙirga ko ɗaya ba. Sai ya tambayi iyali tukuna, ya ce "bayan haka", ya ce "sannan kuma", mai nauyin ya ajiye shi sai an rako shi bakin zaure, ya juyo ya ce, "Af, wani hanzari ba gudu ba."